Saƙon Malam Dikko a Matacciyar Waya

Kwana tara da binne Malam Dikko, 'yarsa Furera ta sauka daga bayan babur ɗin mijinta a ƙofar shagon yayanta a Tudun Wada, zanenta duk taɓo har gwiwa. Tun da sassafe suka taso daga ƙauyensu da ke gindin duwatsun bayan Doguwa, sau biyu suna sauka su tura babur a rafi. Ba ta tsaya karkaɗe jiki ba. Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida Sha'aibu, sannan ta kwance bakin mayafinta ta ciro waya, ta ajiye masa a kan tebur da hannu biyu.

"Yaya, Baba ya bar maka magana a ciki."

Sha'aibu bai taɓa wayar ba. Shekara ashirin yana gyaran waya da rediyo, duk abin da aka ajiye a teburin nan hannunsa kan riga idonsa kai wa gare shi. Wannan karon ya naɗe hannuwansa a cinya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da magana ta haɗa shi da mahaifinsa. Shekarar da Inna, mahaifiyarsu, ta kwanta, kwana shida cikinta yana kumbura, Malam Dikko yana cewa a dakata a ga abin da jiƙo zai yi. A na bakwai aka sa ta a mota, ta cika a hanya ba a kai asibiti ba. A wajen zaman makoki, gaban liman da dattawan unguwa, Sha'aibu ya dubi mahaifinsa ya ce jinkirinsa ne ya kashe ta. Tsohon bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Tashi ka tafi. Ban yafe ba." An yi ta kai-komo, kawunnai sun sa baki, liman ya sa baki. Uba bai janye ba, ɗa bai je ya durƙusa ba. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara, kuma dukansu biyun sun iya jira.

Labarin rasuwar ya iske Sha'aibu bayan an riga an rufe tsohon. Ya je, ya zauna a tabarma kwana uku yana karɓar gaisuwa. Kowa ya ce masa Allah ya ba da haƙuri, kuma a fuskar kowa ya ga tambayar da ba wanda ya yi: shin Malam ya yafe masa kafin ya cika? Shi ma bai sani ba. Da ita ya dawo Tudun Wada, da ita yake kwana yake tashi.

"Wace irin magana?" ya ce.

"Ban sani ba, Yaya. Ana jibi zai rasu ya ce in kawo abin nan nawa mai ɗaukar murya. Na danna masa, na ajiye a kan filo, ya ce in fita in saki labule. Da ya gama ya kira ni, ya ce na yayanki ne."

"Ba ki saurara ba?"

"Ai ba ni aka yi wa ba."

"Kwana uku ina zaune a ƙofar gidan. Me ya hana ki gaya min?"

Furera ta sunkuyar da kai, ta saci kallon mijinta. Bala yana tsaye a bakin ƙofa yana murza hularsa. Manomin masara ne, mutumin kirki, irin waɗanda ba su taɓa ganin abin da ya lalace sun wuce ba su ƙarasa shi ba.

"Wallahi Yaya, taimako na yi niyya," in ji Bala. "Caji ne ya ƙare. Kwana huɗu ba mu ga rana ba, solar mai cajin garinmu ta kwanta. Na ga hankalinta ya tashi, sai na yanke bakin kebur ɗin caja, na fere shi, na ɗora a batirin babur. Haka nake yi wa tocila, kuma tana tashi."

"Ita ma ta tashi?"

"Ta yi haske. Sau ɗaya."

"Ta yi ƙauri?"

"Kaɗan."

"Batirin babur bolt goma sha biyu ne, Bala. Wannan biyar take sha. Jinjiri ka samu ka ɗura wa tuwon dawa da muciya."

Bala ya ce haka ne, Allah ya huci zuciyar Yaya. Furera ta ce kunya ce ta hana ta faɗa a wajen makoki, ta ga gara ta kawo abin gaba ɗaya ya gani da idonsa. Sha'aibu ya nuna musu benci. Ya janyo ƙyauren shagon ya rufe rabi don kada wani ya shigo masa da rediyo, ya wanke hannu, ya zauna.

Ya kwance bayan wayar. Batirin ya kumbura kamar ƙosai, ya cire shi ya jefa a gwangwani. Bakin caji ya yi baƙi ƙirin, har roba ta narke. Wannan duk bai dame shi ba. Abin da ya dame shi wani ɗan baƙin abu ne mai kusurwa huɗu wanda bai kai farcen ɗan yatsa ba, a tsakiyar fanel, wato allon da kayan cikin wayar ke manne a kai. Nan ne ma'ajiyar wayar. Idan wutar babur ta kai can, to Malam Dikko ya yi maganarsa ne da filo.

A kusurwar tebur akwai wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka, wanda masu sana'ar ke kira fawa saflai. Shi ne ke tsaya wa waya a matsayin batir idan ana bincikenta. Lambobi biyu ne a fuskarsa: ta sama bolt, wato ƙarfin da wuta ke turowa da shi, ta ƙasa amfiya, wato yawan wutar da abu yake sha. Kowacce da mamurɗinta. Yawancin masu gyara a layin shagonsa mamurɗin sama kawai suka sani. Sai su saita bolt, su bar na ƙasa a buɗe har ƙarshe, su jona, idan hayaƙi ya tashi su ce wa mai waya dama ta mutu. Sha'aibu da na ƙasa yake farawa. Ya haɗa bakin jan kebur da na baƙin, ya murɗa har lambar ta tsaya a rabin amfiya, ya raba su. Ya sa iyaka ke nan. Kome wayar za ta nema, akwatin ba zai ba ta fiye da haka ba. Abu mai lafiya ba ya bukatar iyaka, iya cikinsa yake sha. Wanda ya lalace ne yake zuƙa har ya ƙone kansa ya ƙone na kusa da shi.

Ya saita bolt huɗu, ya maƙala kebur ɗin a inda batir yake zama, ya yi bismillah, ya kunna.

Tun bai taɓa wayar ba lambar ƙasa ta yi tsalle ta bugi iyaka. Wata 'yar jar fitila ta kama, lambar sama ta zube kusan sifili. Ya kashe nan take.

"Ta mutu?" in ji Furera.

"Akwai inda wuta ke zurarewa. Sai na nemo wurin."

Ya sauke bolt zuwa ɗaya, ya ɗaga iyaka zuwa amfiya biyu. Ƙarfin ya yi kaɗan ya illata ma'ajiya, amma yawan ya isa ya sa wurin da ya lalace ya yi zafi ya tona kansa. A Kano akwai masu kyamarar da ke ganin zafi. Sha'aibu leɓensa na sama yake da shi. Ya ɗauki fanel ɗin ya kai bakinsa, yana bi da shi a hankali, kusurwa zuwa kusurwa, idonsa a rufe. Bala ya buɗe baki zai yi magana, matarsa ta taka masa ƙafa.

Da ya zo kan ma'ajiya ya daɗe. Sanyi ƙalau. Ya wuce. Can gefe, kusa da bakin caji, wani abu ya cije shi a leɓe kamar cinnaka. Ya sauke, ya duba da gilashin ƙara girma: kafasita ce, irin ƙananan abubuwan da ke tara wuta, ba ta kai ƙwayar gero ba, ta tsage. Ya kashe wuta, ya sa ƙarfen dalma mai zafi da matsefata ya ɗauke ta, ya ajiye wa Bala a tafin hannu.

"Ga tocilarka."

Ya mayar da bolt huɗu, ya sa iyaka a amfiya ɗaya, ya kunna. Lambar ƙasa ta tsaya a sifili. A wannan sana'a babu lambar da ta kai sifili daɗin gani. Ya jona gilashin wayar, ya danna makunninta ya riƙe. Lambar ta motsa: sifili da ɗigo ɗaya. Ɗigo biyu. Ɗigo huɗu. Fuskar wayar ta yi haske, can sai ga hoton yaran Furera su uku sun jeru da kayan sallah.

"Alhamdu lillahi," in ji Furera, ta rufe baki da mayafi. Bala ya fara kabbara.

Sha'aibu bai taya su ba, lambar ƙasa yake kallo. Waya mai lafiya idan ta gama tashi sai ta rage sha, lambar ta sauko ta natsu. Wannan ta tsaya a ɗigo huɗu, ta ɗan jima, ta koma ɗigo biyar. Ya ɗora yatsa a kan abin da ke rarraba wuta a cikin fanel ɗin, wanda ke maƙwabtaka da ma'ajiya. Da ɗumi, kuma ɗumin ƙaruwa yake. Ashe wutar babur abu ɗaya ta kashe, ta bar ɗaya da rauni.

Ya san abin da ke gabansa sarai. Irin wannan sai an je Kano ake samu, kuma ba a canza shi sai an hura masa iska mai zafi a jikin ma'ajiya, abin da rabin wayoyi ba sa tashi bayansa. Idan ya kashe yanzu, ba shi da tabbacin za ta sake kamawa. Bakin caji ya ƙone, babu ta inda za a kwashe abin da ke ciki da kebur. Ya gwada kunna bulutut don ya tura wa tasa wayar, lambar ta yi tsalle zuwa ɗigo takwas, ya yi maza ya kashe.

"Ina saƙon yake, Furera?"

Ta miƙo yatsa ta nuna masa. Murya ɗaya ce tak a wurin. Minti tara da ɗoriya.

Bala ya sa hularsa. "Bari in duba babur ɗin nan, kamar ya sha ruwa." Ya fita ya ja ƙyauren. Furera ma ta yunƙura, Sha'aibu ya ce ta zauna. Ya danna.

Da farko sai motsin tabarma da kukan akuya daga nesa. Sannan muryar ta fito, ta tsufa fiye da yadda ya bar ta, amma ita ce. Malam Dikko ya yi bismillah. Ya yi salati cikakke, dogon, bai rage kome ba. Sannan ya yi sallama ya ɗan dakata.

"Ina gajiya?" in ji muryar, ta sake dakatawa. "Ya iyali? Ya yaran? An ce min an samu ƙaruwa bara, mace. Allah ya raya. Ya sana'a?"

Bayan kowace tambaya tsohon sai ya bar fili, daidai tsawon amsa, yadda ake gaisuwa tsakanin mutanen da suka san mutunci. Furera ta ji yayanta yana cewa a hankali, "Lafiya lau. Suna lafiya. Amin." Ba ta ɗago ta dube shi ba.

Ɗigo shida.

Malam Dikko ya shiga maganar damina. Ruwa ya yi yawa bana, masarar fadama ta sha, ta tudu ce ta yi kyau, sai dai tsutsa ta taɓa gefen gabas. Katangar bayan gida ta faɗi. Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta Furera ce, kada a haɗa ta da sauran. Ya yi tari mai tsawo, ya nemi ruwa, aka ji ya lalubi kofi da kansa ya sha.

Ɗigo takwas. Minti huɗu sun tafi. Jar fitilar ta ƙifta ta ɗauke.

Furera ba ta san amfiya ba, amma ta yi jinya, ta san fuskar mutumin da yake ƙirga abin da ya rage.

"Yaya, a ja shi gaba mana, wajen ƙarshe. Ka san Baba, sai ya zaga gari kafin ya shigo gida."

Gaskiya ta faɗa. Yatsa ɗaya zai sa ya ja layin, ya tsallake tunkiya da katanga ya faɗa kan abin da ya hana shi barci. Ya ma ɗaga yatsan. Sai ya mayar.

"Baba yana magana, Furera."

Ta mayar da idonta kan wayar.

A minti na shida lambar ƙasa ta kai ɗaya cif, jar fitilar ta kama ta zauna. Akwatin ya yi abin da aka sa shi: ya ƙi ƙarawa. Lambar sama ta fara sauka. Uku da ɗigo tara. Uku da ɗigo bakwai. Hasken wayar ya dushe. Idan ta kai uku da ɗigo huɗu wayar za ta ɗauke, tsohon kuwa yana kan bayanin wanda ya ara masa garma bai dawo da ita ba.

Shekara ashirin Sha'aibu bai taɓa ɗaga iyaka don abu yana neman ƙari ba. Abin da yake zagin 'yan layin a kai ke nan. Idan ya bar ta a haka wayar za ta mutu da sauran rai a jikinta, wataƙila a Kano a tashe ta, wataƙila a'a. Idan ya ƙara, za ta ci gaba da magana tana dafa kanta, kuma zafin a jikin ma'ajiya zai ƙare. Babu wata Kano bayan wannan.

Ya kama mamurɗin ƙasa ya murɗa. Ɗaya da rabi. Jar fitilar ta mutu, bolt ya koma huɗu, haske ya dawo.

"Ɗauki kwalin can ki yi mata fifita. Nan, daidai yatsana."

Furera ta durƙusa a gefen tebur tana fifita, yadda ta yi wa mai muryar kwana goma sha biyu. Wani ƙauri siriri ya fara tashi. Fitilar ta sake kamawa, ya sake murɗawa. Biyu.

"To," in ji Malam Dikko. Ya yi shiru har Sha'aibu ya zaci wayar ce ta tsaya. "To. Sai maganar da ke tsakaninmu.

"Abin da ka faɗa ranar zaman mahaifiyarku, ka yi rashin kunya. Wannan babu ja. A gaban liman, a gaban surukaina. Amma ba ƙarya ka yi ba. Da ƙarya ka yi, da na yafe maka tun ba a naɗe tabarmi ba. Kwana shida na riƙe ta a ɗaki. Ni na sani, kai ka sani, waɗanda suka yi ta ce min kwana ne ya ƙare su ma sun sani. Duk sanda aka zo min da maganarka ba kai nake gani ba, kwana shidan nan nake gani."

Hannun Furera ya tsaya. Sha'aibu ya nuna mata fanel ɗin da haɓa, ta ci gaba. Biyu da rabi. Robar da ke gefen fanel ta fara lanƙwashewa.

"Na yi ta jira ka zo ka durƙusa, in samu hanyar da zan bi in sauko. Ba ka zo ba. Ban yi mamaki ba, ni na haife ka." Ya yi wani sauti, ko tari ko dariya. "To ni jirana ya ƙare, an kira ni wani wajen. Ka saurara da kyau, ba zan maimaita ba. Na yafe maka. Duniya da lahira, na yafe maka. Kai kuma..."

Tari ya sarƙe shi. Ana cikin tarin wani abu ya ce ƙas a cikin fanel ɗin, siririn hayaƙi ya miƙe, fuskar wayar ta yi baƙi. Saura minti ɗaya da wani abu.

Sha'aibu ya kashe akwatin. Ya jira fanel ɗin ya huce, ya sauke bolt zuwa ɗaya, ya kunna, ya kai leɓensa, don mai sana'a ba ya cewa abu ya mutu sai ya duba. Wannan karon ma'ajiyar ce da kanta ta ƙone shi. Ya kashe, ya zare kebur ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su. Sai a lokacin ya ji nauyin tasa wayar a aljihun gaba. Da ya ajiye ta a gefe tana ɗauka, da yanzu muryar tana nan. Dabarar da ko Bala zai iya tunawa da ita ce. Shi bai tuna ba.

"Kin ji abin da ya ce?"

"Na ji, Yaya."

"Da kunnenki."

"Da kunnena. Ko a gaban waye zan faɗa." Ta share fuska da bakin mayafi. "Amma me zai ce a ƙarshen? Kai kuma me?"

Sha'aibu ya dubi wayar. Mai yiwuwa tsohon zai ce kai kuma ka yafe min. Mai yiwuwa zai ce kai kuma ka zo ka ta da katangar nan kafin kaka, ko ka karɓo garmar, ko ka rage taurin kai don ka ga inda ya kai ubanka. Wanda ya san Malam Dikko ba zai rantse a kan ko ɗaya ba, kuma babu sauran wanda za a tambaya.

A waje Bala yana ta buga babur ɗin da lafiyarsa ƙalau, don a san yana da abin yi. Sha'aibu ya zame daga kan kujerarsa, ya durƙusa a ƙasan shagon, cikin guntayen waya da ɗigon dalma, ya sunkuyar da kai wajen tebur.

"To, Baba," ya ce.